Tafkin Rusairis da Abin da Muke Nuna wa Baƙo

Duk dattijon da ya haura shekara 70 a ƙasar Rusairis ta Sudan ya ga ruwa iri uku da idonsa. Ya ga kogi mai gudu, wanda ke gangarowa daga duwatsun Habasha da damina ya cika ya batse, da rani kuma ya rame har yara su yi kokawa a kan yashinsa. Ya ga tafkin da aka tare a 1966, shekarar da aka gama ginin madatsa. Sannan ya ga wanda ya fi shi girma, na 2013, bayan an ƙara wa madatsar tsawon mita 10, ruwa ya hau gonaki da ƙauyuka da maƙabartu. Yanzu ma ga na huɗu nan ya kunno kai, domin tun da Habasha ta datse kogin a sama da mu, ruwan da ke iso mana ya soma canza launi da hali.

Injiniyoyi da mita suke auna wannan sauyi. Ni kuwa ma'aunina shi ne inda muke kai baƙo. A al'adar Bahaushe, ko a Kano ko a nan gaɓar koginmu Bahar Azrak, idan baƙo ya sauka, ya sha ruwa, ya ci tuwo, ya kwana gajiya ta sake shi, sai mai masauki ya ce, "Tashi in zaga da kai ka ga gari." Abin da aka zaɓa aka nuna masa shi ne abin da gari ke tinƙaho da shi a wannan zamanin. Wanda ya bi sawun wannan zagaye tun daga kakanninmu har zuwa yau, ya gama karanta tarihin wurin.

Zamanin kogi ban riske shi ba, a bakin manya na ji shi. Kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, wasu a ƙasa, wasu a kan jakai, ana tafiya ana yada zango ana noma guzuri. Ayarin da ya fi shahara shi ne na bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo sauran jama'a zuwa gabas, har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar a 1906. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ƙwadago ya ƙara jawo mutane. Daga nan aka riƙa bin gaɓar kogi ana yin kudu, ƙauye bayan ƙauye, ta Sinja har Rusairis har gaba da ita. Ƙasa ce mai mutanenta tun fil azal: Funj waɗanda suka mulki Sinnar daga 1504 zuwa 1821, da Hamaj, da Barta, da Gumuz, da mutanen duwatsun Ingasana. A hannun sarakunansu da dagatansu kakanninmu suka karɓi wurin zama.

Rusairis a lokacin ita ce hedkwatar gunduma ta Turawan Ingila, a gabashin kogi, kukoki sun yi mata rumfa. Idan ruwa ya cika, jirgin tururi yakan taso daga Suki ya tsaya a nan, ba ya wucewa, saboda daga nan zuwa sama duwatsu ne a tsakiyar kogi, ruwa na dukansu yana kumfa. A kan waɗannan duwatsun aka kafa madatsa daga baya.

To, me ake nuna wa baƙo a wancan zamanin? Manya suka ce da farko mutane. A kai shi ya gai da liman, ya gai da malamin tsangaya, ya gai da tsohuwar da ta fito daga garinsu can Hausa, ta tambaye shi ko kukar ƙofar gari tana nan. Daga nan sai a gangara da shi jarif, wato gonar gaɓa da kogi ke bari idan ya janye. Wannan kam na gan ta da idona a ƙauyukan ƙasan madatsa, inda ta daɗe ba ta ɓace ba. Da kaka ruwa yakan sauka taki-taki, ya bar laka baƙa wuluk mai santsi, tana tsagewa a rana. Manomi yana biye da ruwan da sandarsa mai tsini: ya soka, ya jefa iri, ya take da diddige. Sahun sama masara da wake, na tsakiya kuɓewa da tumatir da albasa, na ƙasa kusa da ruwa kankana da kabewa. Babu taki, babu ban-ruwa, kogi ya gama aikin tun kafin ya tafi. Baƙon da ya fito daga ƙasar da ake roƙon ruwa da salla yakan tsaya ya riƙe baki. Ba wanda yake zuwa bakin kogi don ya zauna ya zuba wa ruwa ido. Wurin aiki ne: masunta, mata masu wanki, masu fito, makiyaya da garkensu. In aka ga babban mutum zaune yana kallon ruwa haka kawai, sai a tambaye shi ko lafiya.

Yarjejeniyar rabon ruwan Nilu ta 1959 ita ta buɗe ƙofar zamani na biyu. Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan ta ɗauki biliyan 18.5, aka kuma amince Sudan ta gina madatsa a Rusairis don ta adana rabonta ta shayar da Jazira da Manakil da rani. Aka fara aiki a 1961 da bashin Bankin Duniya da na Jamus ta Yamma, 'yan kwangila daga Italiya. Tsakiyar ginin kankare ne mai tsawon kilomita guda da tsayin mita 68 a wancan lokaci, hagu da dama kuma aka ja ganuwar ƙasa. Ta tare ruwa wajen kubik mita biliyan 3. A 1971 aka soma samar da lantarki, har injunan suka kai 7, masu ba da megawat 280, wutar da ta daɗe tana haska Hartum. A yammacin kogi, sansanin ma'aikata da tashar jirgin ƙasa suka rikiɗe suka zama Damazin, wadda ta girma ta shige gaban Rusairis ta zama babban birnin jiha.

Mu da muka tashi a shekarun 1970 hazzan muka sani, kamar yadda kowa ke kiran madatsar. Ita ce ta koma abin nunawa. Ɗan'uwa ya zo daga Gadarif ko Madani ko Mai Wurno, kafin ya ajiye jaka yara sun fara yi masa albishir: gobe za a kai ka hazzan. Makarantu kan shirya rihla, wato fita yawon buɗe ido, a cika lori da ɗalibai, malami a gaba kusa da direba, tulun ruwa da buhun burodi a baya. Da salla ƙarama da babba kuwa, bayan an sauko daga idi an gama gaishe-gaishe, samari da 'yan mata cikin sababbin kaya can suke nufa.

Abin kallo ne na gaske, musamman a watan Agusta. Hanyar mota ta bi ta kan madatsar, ita ce ke haɗa Damazin da Rusairis kafin a gina gada. Kana kai tsakiya za ka ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarka. An buɗe ƙofofin ƙasa, ruwa na fita da ƙarfin da ba ka jin maganar na kusa da kai, feshinsa na jiƙa maka riga daga nesa. Ruwan kuwa kauri gare shi da launi kamar kunun kanwa, don ƙasar gonakin Habasha ce yake ɗauke da ita. Ta ɓangaren tafki, gungumomin itace da kogi ya tumɓuke sun taru sun yi tsibiri a bakin injuna, ma'aikata na fama da su da ƙugiya, domin in sun toshe mashigar ruwa, a Hartum za a kwana cikin duhu. Hoto dai ba a ɗauka, wurin na tsaro ne, akwai sojoji a kowane bakin. Saboda haka ƙarni guda na yara suka girma da wannan kallo a ka, ba a takarda ba, kowa ya koma ƙauyensu ya ƙara masa gishiri.

Wannan lakar ita ta tsara wa tafkin rayuwarsa. Don kada ta cike shi, sai a bar ƙofofi a buɗe a tsakiyar damina jan ruwa ya wuce, a tare na ƙarshen damina wanda ya fi tsabta, a riƙa sakinsa da rani. Duk da haka, kafin a yi ƙarin tsawo laka ta cinye fiye da sulusin cikinsa. Sakamakon wannan tsari, gaɓar tafki ba ta da mazauni ɗaya. Inda ka ɗaure kwale-kwale a Nuwamba, a Mayu gonar masara ce ko makiyayar shanun Fulani, ruwa ya ja baya tafiyar sa'a guda. Mutanenmu suka koyi bin wannan kai-da-komo, suka mai da jarif ɗin kogi ya zama na tafki, su kuma masunta suka kafa bukkoki a tsibirai da lungunan ruwa.

Idan baƙo mai hankali ne, ba mai son ganin siminti kaɗai ba, akan tashe shi da asuba a kai shi wajen saukar kifi a Ganis, gabas da madatsa. Kafin rana ta fito kwale-kwale sun jeru, an ja kalli an kwance mamari. Ga karfasa tuli-tuli, ga tarwaɗa na motsi a cikin kwando, ga kurungu da ragon ruwa, wani lokaci a fito da giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun ɗauka. Ƙawara da tsage gefe ake ware su don masu yin fasik, su zuba gishiri su danne a garwa. Wanda ba a sayar ɗanye ba a tsaga shi a shanya ya zama kajaik, abincin leburorin manyan gonakin dawa da riɗi. Dillali na ciniki da Larabci, ya juya ya yi wa masunci tsiya da Hausa, mai shayi na gefe tana gasa bunnin jabana ƙamshi ya gauraye da ƙarnin kifi. Baƙi da yawa sun manta tsayin madatsa, amma ba su manta wannan safiyar ba.

Mai hali kuma, ko wanda ya san wani a ma'aikatar gandun daji, sai a yi masa maganar Dindir. An keɓe dajin tun 1935, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 10,000, yana jingine da iyakar Habasha, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 1979. Da rani ake shiga, idan baƙar laka ta bushe mota na iya wucewa. Kogin Dindir ya tsaya, dabbobi sun taru a fadamun da ake kira maya: ɓauna, gwanki, gadu, jimina, birai, tsuntsaye ba adadi, da daddare kuma a sansanin Galagu a ji gurnanin zaki. Manyanmu sun ga raƙumin dawa a can, mu labarinsa muka ji, tun shekarun 1980 ya ƙare. Manyan gonakin tarakta sun cinye dajin da ke kewaye, makiyaya suka rasa burtali suka matso ciki, masu gawayi da mafarauta suka biyo baya.

Tafki ga shi, duwatsu ga su, dajin namun jeji ga shi, ga kiɗan waza na Barta da ƙahoninsa na duma wanda in an busa shi a dandali ba mai iya zama. Ga Fazugli, wadda labarin zinariyarta ya sa Muhammadu Ali na Masar ya tako da kansa yana tsoho a 1838. Sau da yawa nakan tambayi kaina me ya hana Rusairis zama irin garuruwan bakin tafki da duniya ke tururuwa zuwa gare su. Ba sai an je nesa ba: a kan wannan kogin namu, can mafarinsa, akwai Bahar Dar a bakin tafkin Tana, inda ake ɗaukar baƙi a jirgi zuwa tsofaffin majami'u na tsibirai, a kai su magangarar ruwa ta Tis Isat. In an je nesa kuma, akwai Fokara ta ƙasar Nefal a gindin duwatsun Himalaya, wadda gwamnatin ƙasar ta ayyana a matsayin babban birnin yawon buɗe ido a 2024. Jarinta tafkin Fewa ne: kwale-kwale masu fenti, wurin bauta na Tal Barahi a ɗan tsibiri, tudun Sarangkot da ake hawa da asuba don ganin rana ta faɗo kan ƙanƙarar Annapurna. Fewa bai kama ƙafar tafkinmu a girma ba, shi ma madatsa ce ta ƙara masa ruwa, shi ma laka na cinsa. Bambancin yana wajen mai tuƙa kwale-kwalen: ya san inda zai kwana bana, ya san inda zai kwana baɗi, shi ya sa ya iya sayen fenti. Bahar Dar ɗin ma, tun da rikici ya tashi a yankin Amhara a 2023, jiragenta suka rage fita. Mutanen Kano kuma ba sa buƙatar dogon bayani: otal ɗin tafkin Bagauda da aka gina zamanin Audu Baƙo, wanda ake zuwa hutu da shaƙatawa, yau makarantar horar da lauyoyi ce. Ruwa shi kaɗai ba ya riƙe baƙo.

Zamani na uku ya zo da kamfanonin ƙasar Sin da manyan motocin tura ƙasa. Aka ɗaga madatsar, aka ja ganuwarta har ta kai wajen kilomita 25, ruwan da take tarewa ya haura kubik mita biliyan 7, aka yi bikin buɗewa ranar 1 ga Janairu, 2013. Tafki ya miƙe kudu har ya doshi iyakar Habasha. Iyalai fiye da 20,000 aka tasa daga gaɓa biyu, aka zuba su a sababbin garuruwa 12. Garuruwan ba su zo da suna ba, da lamba suka zo: Madina 1, Madina 2, har zuwa 12.

Adalci ne a faɗi abin da aka samu. An sami makarantu da ɗakunan shan magani da masallatai na bulo, tituna a miƙe, lantarkin ƙasa ya ƙaru, manoman rani na Jazira sun sami ruwa. Tsohuwar da ta shekara tana kwasar kaya duk damina don gudun ambaliya ta kwanta a ɗaki mai kwano. Amma gida ɗaya ake ba magidanci, alhali gidan Bahaushe yana da zaure da sassa da turken awaki da rumbu. Lambun mangwaro da ayaba da aka shekara 30 ana reno, kuɗin diyya ba ya mai da shi. Masunci ya tsinci kansa nesa da mashigar jirginsa. Abin da ya fi duka nauyi shi ne ƙasa. A tsohon ƙauye kowa ya san iyakar gonarsa da wanda ya ba kakansa ita, da shaidun da aka yi a gabansu. Ruwa ya shafe wannan shaida. Aka haɗa ƙabilu daban-daban a unguwa ɗaya, kowa na neman sabuwar gona a dajin da wani ke cewa na kakanninsa ne.

Bayan tashin, wani kawuna masunci ya ɗauke ni a jirginsa da hantsi. Muka yi nisa, gaɓa ta koma zare, sai ya ɗaga filafili ya bar jirgi ya tsaya kusa da wasu busassun rassa da suka leƙo saman ruwa, tsuntsaye sun yi musu fari da kashi.

"Ka gane nan?" in ji shi.

Na ce, "A'a, Kawu."

"Tsamiyar ƙofar masallaci ce. Daga nan ka yi gabas kaɗan, gidanmu. Can inda ruwa ke walƙiya, maƙabarta. Inna tana nan."

Muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a. Da muka shafa sai ya ce, "Kifi kuwa ya fi taruwa a nan, yana son saiwa. Sai dai tana cin kalli." Ya saka filafili muka ci gaba. A wajensa taswirar ƙauyen tana nan daram, lungu-lungu, yana bi ta kanta kullum yana neman abinci. Jikokinsa da aka haifa a gari mai lamba ruwa kawai suke gani.

A daidai wannan lokaci hukumomi suka yi ta maganar yawon buɗe ido, ana cewa tafkin zai jawo masu zuba jari da otal-otal da jiragen shaƙatawa. An ɗan taɓa: wuraren zama a bakin ruwa, kujerun roba, masu agashe da masu shayi, amare da angwaye na zuwa ɗaukar hoto da waya da yamma. Ƙarnin da ya biyo bayanmu shi ne na farko da ya koyi zama a gaban ruwa don nishaɗi kawai, kuma abin ya yi kyau. Amma tun kafin a buɗe sabon tafkin yaƙi ya riga shi isowa. A farkon Satumba na 2011 aka gwabza a cikin Damazin tsakanin sojojin gwamnati da mayaƙan gwamna Malik Agar, kudancin jihar ya zama fagen daga na shekaru, duwatsun Ingasana da hanyar Kurmuk suka rufe. Baƙon waje sai da takardar izini, ita ma ba kowa ke samu ba.

Sai kuma abin da har yau harshe ke nauyin faɗa. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu daga cikin maƙwabtansu a kan ƙasa da sarautar gargajiya, wato wa ke da ikon naɗa shugaba, wa ke da ikon raba gona. Ya ci Rusairis da Ganis da Wad al-Mahi, cikin 'yan kwanaki aka rasa rayuka fiye da 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum da Bur Sudan. A Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, a cikin garuruwan nan masu lamba, aka kashe wajen mutum 200. Kowane ɓangare ya binne nasa. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, suna ɗaukar gawar juna, suka koma ba mai iya ratsa unguwar wani. Dubbai suka kwana a azuzuwan makarantun Damazin, wasu suka yi Sinnar, wasu Rabak da Kosti. Ba a gama share hawaye ba babban yaƙin ƙasa ya tashi ranar 15 ga Afrilu, 2023. A ƙarshen Yunin 2024 dakarun RSF masu yaƙar sojojin gwamnati suka kama Sinja, hanyar da ke haɗa mu da arewa ta yanke, har sai da sojoji suka karɓe garin a Nuwamba. Garin Dindir ma ya shiga hannu ya fita. Baƙin da suka cika Damazin da Rusairis a waɗannan shekaru da ƙullin kaya a ka suka zo, ba wanda ya ce a kai shi ya ga hazzan. Abin da ake nuna musu shi ne inda za su shimfiɗa tabarma da inda ake rabon abinci.

Ana cikin wannan hali kogin da kansa yana sauyawa. Babbar madatsar Habasha, wadda aka fara a 2011, aka soma tara mata ruwa a 2020, aka buɗe ta a Satumban 2025, tana ɗaukar kubik mita biliyan 74, ninki goma na tamu. Laka yanzu a can take kwanciya. Ruwan da ke zuwa mana ya fi na da haske, kuma yana zuwa a daidaice, ba cikar hauka da damina, ba ramewa da rani. Ga mai kula da injin lantarki wannan alheri ne, ga mai ɗaukar hoto ma haka, don tafkin zai fi kyau a ido fiye da kowane lokaci a tarihinsa. Ga manomin jarif da mai buga jan bulo, waɗanda abincinsu ke cikin lakar da kogi ke kawowa kyauta duk shekara, lissafi ya rikice. Sau uku ke nan ana yanke hukunci a kan wannan ruwa, a Alkahira da Hartum da Adis Ababa, mutumin gaɓa kuwa sai dai ya wayi gari ya ga inda ruwa ya tsaya.

Da na jera waɗannan zamunna sai na ga abin da muke nuna wa baƙo yana ta girma, rabonmu a cikinsa yana ta raguwa. Jarif tamu ce, da hannunmu muka shuka ta. Madatsa ta gwamnati ce, amma muna hawa kanta mu yi alfahari. Babban tafki kuwa a kan gidajenmu yake kwance. Bahaushe ya ce ganin Dala ba shiga birni ba ne, haka ma ganin tafkin Rusairis daga kujerar roba. Wanda bai san akwai tsamiya da masallaci da kabari a ƙarƙashin ruwan ba, bai ga komai ba tukuna, kuma ba mai iya nuna masa su sai wanda ya zauna a can.

Ina son baƙi su dawo, ina kuma ganin za su dawo, don ƙasa mai irin wannan kyau ba ta ɓoyuwa har abada. Sai dai aikin yana da jeri. Na farko, kowane mazaunin gaɓa, Bahaushe ne ko Bahamaje ko Babarte ko Bafulatani ko Balarabe, ya san gonarsa da mashigar jirginsa da burtalin shanunsa a rubuce, da yardar maƙwabcinsa, domin a nan ne jini ya zuba. Na biyu, a zauna da tsofaffin da suka rage a rubuta sunayen ƙauyukan da ruwa ya ci da inda kowanne yake, kafin masu taswirar a ka su ƙare, a kuma bar garuruwa masu lamba su zaɓi sunayensu. Na uku, masu sakin ruwa a sama su riƙa sanar da na ƙasa a kan lokaci, da harshen da manomi ke ji. Idan an yi waɗannan, masuncin da ya san kowane kututture a tafkin shi zai zama jagoran baƙi, matarsa ta soya musu karfasa, kuɗin ya kwana a ƙauye. Otal da fenti ba su da wuya, duk mai jari zai kawo su da kansa ranar da ya ji mutanen Wad al-Mahi da Ganis suna kwana ƙofa a buɗe.